Geron Tabawa da Mudun da Ba Na Kowa Ba

Jiya da dare wani mafarki ya same ni, irin wanda ban taɓa yi ba tun da nake kwana a duniya, daga tashar Agadas har ƙarƙashin gadar Ikko. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a ciki.

Sunana Nomau. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina fataucin hatsi. Boko kuwa aji uku na yi aka ce in fito in kama kiwo. A ɗakin girkinmu akwai zangarniyar gero goma sha biyu rataye a saman murhu, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin. Geron kakata Tabawa ne. Gajere ne, ba ya cika rumbu, tsuntsaye kuma ba sa raga masa, shi ya sa kowa a Tudun Kalgo ya watsar da shi. Abu guda gare shi: ruwa uku masu kyau sun ishe shi ya nuna. Ni ma don tsohuwar kawai nake shuka kunya biyu duk shekara. Bara gara ta yi mini ɓarna, sai goma sha biyun nan suka rage, kuma ban san wani mai shi ba a duk ƙasar nan.

Jiya da la'asar wata mata ta yi sallama, Dakta Suwaiba, cikin wata tsohuwar mota. Ta ce daga wata cibiyar bincike take, suna tattara tsofaffin iri saboda shekarun da ke tafe, don suna ganin damina za ta riƙa gajarta. Zangarniya shida take roƙo. Za su shuka, su yawaita shi, su dawo mana da rabonmu.

Na ce, "Cibiyar ta gwamnati ce?"

Ta ce a'a.

"Ta kamfani?"

"A'a, Baba. Mai zaman kanta ce."

Na yi dariya. Ni a kasuwa na tsufa, kuma duk wanda ya taɓa ce mini ba shi da ubangida, daga baya sai na tarar da ubangidan a bayan rumfa yana jira. Na ce ta gaida gida. Ta ce a gari za su kwana, da safe za su biyo ta ƙofata kafin su ɗauki hanya. Tana fita na ɗaga murya yadda za ta ji, na ce wa matata, "Kande! Gobe da sassafe ki sauke geron nan ki daka mana kunu. Gara ya shiga cikina da ya shiga aljihun wani."

Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a wata kasuwa da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana hawa sama, ɗigo-ɗigo, kamar an aiko ya dawo gida. Mata sun rataye bokitai a kife a jikin igiya suna tara. Ƙasa kuwa tana tsagewa a hankali, ba hayaniya. Na tsaya wurin wani mai sayar da inuwa, yana auna wa mutane kamu-kamu yana naɗewa a takarda.

Na ce, "Malam, yaushe ruwanku ya fara haka?"

Ya ce, "Tun jibi."

"Ba wanda ya kai ƙara?"

Ya nuna mini wani gini da haɓa.

A cikin ginin wani bunsuru ne zaune bayan tebur, da hula da tabarau. Bai ɗago ba ya ce, "Ka zo da takarda?" Na laluba aljihu, sai ga takarda. Ya buga mata hatimi, ya duba hatimin da kyau, sannan ya cinye ta.

"An karɓa," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ne ke tafiya sama."

"Mun sani. An kafa kwamiti. Zai zauna bara."

A gefen teburinsa na ga mudu. To ni akwai wata ɗabi'a da fatauci ya bar mini: ba na ganin mudu ban kifa shi ba. Mudun mai saye, za ka tarar an bubbuga gindinsa waje ya yi zurfi, ya ci fiye da ƙima. Mudun mai sayarwa kuwa ciki ake buga gindinsa, ya cika da wuri. Ni kaina biyu gare ni a zamanina, Allah Ya yafe mana. Na kifa na bunsuru. Gindinsa ya yi zurfi har na hango wani ƙauye a ciki, da mutanensa suna ɗaga hannu.

Na ajiye na fita.

Sai ga ni a wani kanti na gilashi, mai sanyi kamar randa. Wata kyanwa cikin kwat ta tarbe ni da fara'a. A bayanta an jera kwalabe, kowace da ɗigon ruwa guda yana ta bugun murfi yana son fita.

Ta ce, "Mu ma muna bincike, Alhaji. Shekara goma muna kai."

"Me kuka gano?"

"Mun gano ƙishirwa tana da kasuwa."

Nata mudun na azurfa ne. Na kifa. An buga gindinsa ciki har ya kusa taɓo baki, ƙwaya bakwai sun cika shi. Ta karɓe abinta tana murmushi, ta lashe hannu.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, na tsinci kaina a bayan gari. Can gaba na hango wani rumbu, tsayinsa ya kai na hasumiya, yana tafiya da ƙafafunsa na dutse. Ba ya sauri. Yana gaban garin da kamar tafiyar yini guda, garin kuma yana biye da shi bai sani ba. Na bi shi da gudu ban cim masa ba. Da na gaji na tsaya, sai ga ni a gindinsa. Akwai tsani. Na taka ina hawa, ina hawa, har na sauka a ciki.

Jama'a, na ga kasuwanni. Na ga Dawanau ranar da hatsi ya yi yawa har ba wurin taka ƙafa. Cikin rumbun nan ya ninka ta ban san sau nawa ba, kuma ba ka jin ko tari. Ba rufi. Rana da wata suna sama tare, kowa na aikinsa. Mutane birjik, baƙaƙe da farare da jajaye, maza da mata, kowa ya duƙa a kan abu guda kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sai na ji na cire takalmina ba wanda ya ce in cire.

"Baba, ka iso?"

Dakta Suwaiba ce, da farar rigarta, da sungumi a kafaɗa.

Na ce, "'Yata, kafin mu gaisa, wa ke da nan?"

Ta nuna wata babbar kujera a tsakiyar wurin. Wata kaza ce kwance a kai.

"Ita ce shugabar?"

"A'a. Kujerar ce ba kowa, ita kuma ta ga wurin ƙwai."

"To wa ke ciyar da ku? Kada ki ce mini iska kuke sha."

Ta kai ni wurin wata tukunya da ta kai girman masallacin unguwarmu. Hannaye ne ke fitowa daga bango ta ko'ina, kowane ya zuba ɗan abin da ya kawo ya koma. Wani hannu da zobba, wani duk ya yi kanta. Muna tsaye sai ga wani ƙaton hannu da buhu guda cur. Ya juye, sannan ya miƙa zai ɗauki muciya. Wata tsohuwa da ke tuƙi ta ɗan buge shi a bayan hannu.

Dakta ta ce, "Buhu muna karɓa, mu yi godiya. Muciya ce ba ma bayarwa."

"In ya yi fushi ya daina kawowa fa?"

"Sai mu kwana da yunwa. Mun sha yi."

Muka wuce. A wani lungu na ga wata dabba ɗaure a turke, ba akuya ba ba kare ba, jikinta duk idanu. Mutum uku sun buɗe bakinta suna ƙirga haƙora.

"Wannan fa?"

"Cuta ce. Ba ta zo ba tukuna, sai nan da shekara talatin. Muna so mu san ta kafin ta san mu."

Dabbar ta dube ni ta ce, "Sannu, Alhaji." Na ce, "Yauwa," na matsa.

Gaba kaɗan wata mata ta kwanta rub da ciki, ta sa abin da likita ke sawa a kunne, tana sauraron rijiya. Ta ɗaga mana yatsa mu yi shiru. Ta ce rijiyar na faɗin shekarun da suka rage mata, kuma a hankali take magana. Kusa da ita wani dattijo da alli yana zaune gaban wata na'ura mai baki dubu, kowane baki na ba da amsa tun ba a yi tambaya ba.

"Me yake koya mata? Na ga ta fi shi sani."

"Kalma uku yake so ta iya: ban sani ba. Shekara shida ke nan, ta kama biyu."

Ɗakin da ya fi kowane girma shi ne na ƙarshe. Tukwane ne jere har iyakar gani, kowace da murfi da rubutu. Dakta ta rusuna a ƙofa ta ce, "Ina kwananku?" Tukwanen suka amsa gaba ɗaya, "Lafiya lau."

"Su wa ke nan?"

"Kurakuranmu. Duk abin da muka gwada bai yi ba, nan muke ajiye shi, da sunan wanda ya yi. Wancan jerin nawa ne."

Na ce, "Ba ku binne su? Mu a kasuwa in ka yi asara ko matarka ba ta ji."

"In muka binne, wani zai zo ya sake yin irinsa."

Na daɗe tsaye. Na ga masu kuɗi, na ga masu mulki, na ga malamai da ake taruwa dominsu. Ban taɓa ganin wanda ya gina wa kuskurensa ɗaki yana gaishe shi da safe ba.

A bakin ƙofar ɗakin, a kan wani kututture, ga mudu. Na ƙarfe ne, tsoho, ba ado. Ba a ɗaure shi da sarƙa ba. Na dubi Dakta, ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Na ɗauka na kifa.

Gindinsa a shafe yake. Na shafa da tafin hannu. Na bi da babban yatsa ta gefe, inda gwanaye ke ɓoye bugu. Na ƙwanƙwasa na kai kunne. Na ɗaga shi na duba a hasken rana, na juya na duba a hasken wata. Ko alamar guduma babu. Shekara talatin ina kifa mudu daga nan har bakin teku, ban taɓa riƙe irinsa ba. Na mayar da shi kan kututturen da hannu biyu.

Na ce, "Na wa ne?"

"Na duk wanda ke son ya san gaskiyar abin da ke hannunsa. Bunsuru ya aiko a ƙara masa zurfi. Kyanwa ta aiko a rage. Shi ya sa ka ga rumbun yana tafiya."

Ta buɗe wata ƙofa ta baya.

Gona ce, busasshiya ƙayau, ba iyaka. An sassare ramukan shuka layi-layi, ma'aikatan rumbun suna bi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ko gajimare guda babu.

Na ce, "Ai binne kuke yi!"

Wanda bai sani ba, binne shi ne ka shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta yana jira.

Na ce, "'Yata, binne caca ce. Yayyafi kaɗan ya sauka, iri ya ruɓe. Tururuwa ta kwashe. Zabi su tone."

"Kai kana yi?"

"Duk shekara."

"Don me?"

Na buɗe baki, sai na ji amsar ta fito da kanta. "Don wanda ya jira sai ya ga ruwa da idonsa ya riga ya makara."

Ta nuna mini gefen gonar.

Da farko na ɗauka shinge ne. Ashe mutane ne, a layi, daga bakin gona har inda sama ta haɗu da ƙasa, daga can kuma layin ya hau sama ya ci gaba. Kowa da ƙwarya a hannu, ba komai a ciki. Ba mai turo wani. Ba mai magana. Iska na ratsa su kamar yadda take ratsa zana.

"Waɗanda ba a haifa ba ne," in ji Dakta. "Su muke yi wa aiki. Ba su da ƙuri'a, ba su da abin saye, shi ya sa ba wanda ke zuwa wurinsu."

Wata tsohuwa ta fito daga layin tana dogara sanda. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ba haƙori ko ɗaya a bakinta. Amma kunnenta na hagu ya fi na dama girma, ya ɗan karkata waje, sak irin nawa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne Nomau? An ce mana dogo ne."

"Ke kuma wa?"

"Jikar jikarka. Ba a yanka mini rago ba tukuna, don haka kada ka tambayi suna." Ta zungure ni da sanda. "Wannan ne angon nawa? Ko takalmi ba shi da shi. Na fasa."

Na ce, "Amarya ba haƙori, wa ya ce ina so? Me kuke jira a nan?"

"Karin kumallo."

"Tun yaushe?"

"Tun shekara tamanin masu zuwa. Kai tsoho mai ran ƙarfe, ka ci naka ka ci na 'ya'yanka, to ina namu?"

Tana dariya take faɗa, yadda jika ke tsokanar kakanta. Amma idonta na cikin ƙwaryar.

Sai layin ya ɗauki guɗa. Daga gabas wani dogon mutum ya taho a kan keke, da shuɗiyar riga jiƙe sharkaf, ƙanshin ƙasar da ta sha ruwan fari yana biye da shi. Kowa ya rusuna. Dakta ta raɗa mini, "Damina ke nan." Bai sauka ba. Ƙafa guda ya kafa a ƙasa.

Ya ce, "Ba zama zan yi ba. Da can nakan yi wata huɗu, yanzu wurare sun yi mini yawa. Sau uku zan buga ƙararrawa in wuce. Wanda ya shirya ya biyo ni."

Ya buga ta farko. Ruwan da ke hawa sama ya tsaya cak, ya yi tunani, ya juyo ƙasa.

Daga cikin ramuka muryoyin iri suka fara tashi. Wani ya ce a ba shi wata uku. Wani ya ce bai ga takinsa ba. Wata doguwar dawa ta yi hamma ta ce a tashe ta in an yi ruwa na goma. Dakta na gudu daga layi zuwa layi tana leƙawa, rigarta duk laka.

Na bi ta ina cewa, "Cikin dubun nan ba wanda zai tashi?"

"Wataƙila uku, wataƙila ɗaya. Ba mu san wanne ba, Baba. Shi ya sa ba ma so rami ko guda ya zauna ba kowa."

Ta tsaya. A gabanmu ga rami guda a buɗe, ba a rufe shi ba, ruwa na taruwa a ciki. An kafa ɗan itace da rubutu a kansa. Aji ukun nan nawa ya ishe ni in karanta: Tabawa.

Damina ya buga ta biyu.

Duk layin ya juyo yana dubana, tun daga bakin gona har waɗanda ke can sama. Ba wanda ya roƙe ni. Tsohuwar ce kawai ta matso ta ce a hankali, "Angona, ruwa uku aka ce ya ishe shi, ko ba haka ba? Haka aka gaya mana."

Na ce, "Haka ne. Yana nan. Goma sha biyu ne, na ajiye."

Na zura hannu a aljihu. Na ji ɗumi. Na fito da hannun, sai kunu ke bin yatsuna yana ɗiga. Na zura a ɗaya aljihun, kunu. Na cire hula, kunu. Na durƙusa ina zuba shi a ramin ina rufewa da diddige, tsohuwar na kallona, ta daina dariya.

Damina ya ɗaga babban yatsa zai buga ta uku. Na ce, "Tsaya! Don Allah tsaya, yanzu zan aika gida!" Ya buga. Amma ba ƙarar ƙararrawa ta fito ba. Cewa ta yi, dum. Ƙasa ta girgiza. Dum. Rumbun ya ɗaga ƙafa ya ci gaba da tafiya. Dum.

Na buɗe ido. Gari ya waye. Dum. Taɓarya ce a tsakar gida.

Ban san lokacin da na fito ba, ba hula ba takalmi, zanen rufa na naɗe a ƙafa. "Kande! Tsaya! Tsaya!"

Ta tsaya da taɓarya a sama tana dubana. Na faɗa kan turmin na leƙa, sai atishawa ta kama ni, ɗaya, biyu, har biyar. Barkono ne da citta.

"Geron fa?" na ce, hawaye na zuba.

Ta nuna bakin zaure da haɓa. Zangarniya shida ɗaure cikin tsohon ɗankwalinta. Na leƙa ɗakin girki, shida na nan rataye a saman murhu.

Ta ce, "Malam, shekara arba'in ina jin ka kana rantsuwa da la'asar kana warwarewa da asuba. Ka taɓa ganin na sa iri a turmi don ranka ya ɓaci? Matsa mini, yajina zai sha iska."

Ta ci gaba da daka. A waje na ji mota ta tsaya, an yi hon sau biyu.

Na ce ta miƙo mini hula da takalmi, da babbar rigata ta zuwa kasuwa.

"Ina kuma za ka? Ba miƙa musu kawai za ka yi ba?"

Na ɗauki ƙullin na rungume. Na ce, "Geron zan ba su. Amma da ƙafata zan raka shi, in kifa mudunsu in gani."